Jigawar da ke kwance kan dutse: abin da ke kashe gonakin tudun Bima da Keri-Keri

Wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri, ko ta Gombe zuwa Dukku da Darazo, ko ya gangara kudu ta Kaltungo, ya san irin tuddan nan masu daji: taura da kattakara da marke da ƙirya, nan da can a ga kawo ko madobiya, a kan gangare kuma hano da kukkuki sun kafe a tsakanin duwatsu. Mai neman gona yakan dubi tsayin itatuwan ya yanke hukunci cewa ƙasar tana da ƙarfi. Sai ya yi sassabe, ya cinna wuta, ya shuka. Shekarar farko amfani ya yi kyau, ta biyu ya ragu, kafin ta huɗu ko ta biyar falalen dutse ya fara leƙowa a tsakiyar gona. Daga nan a ɗora laifin kan tsadar taki ko kan damina. Alhali tun farko kallon kitse aka yi wa rogo. Ƙasar da ke wurin ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, kuma yashi ce.

Dole a fara da dutsen, domin shi ya haifi ƙasar. Duwatsun cikin garin Bauchi da na Jos narkakken dutse ne da ya huce ya daskare tun asali, kuma idan suka ruɓe suna sakin yumɓu da sinadarai irin su fotashiyam. Na wannan yanki ba haka suke ba. Yashi ne da tsofaffin koguna suka kwaso suka jibge a kwarin Binuwai da Gongola, ya danne juna har ya daskare. Masana duwatsu sun kasa shi gida-gida. Dutsen Bima shi ne babba, ya haura shekara miliyan 100, kuma shi ake gani a tsaunin Bima da tudun Tula da kewayen Yola. Na Gombe ya kai kimanin shekara miliyan 70. Sai na Keri-Keri, mai kimanin shekara miliyan 60, wanda ya shimfiɗu daga Yankari da Alkaleri ya bi ta Dukku da Darazo har wajen Fika da Potiskum. Abin da ya haɗa su shi ne yawancin ƙwayoyinsu kwatz ne, farin ma'adinin nan mai tauri wanda ba ya narkewa kuma ba shi da abin da zai ba shuka. Ruwa ya riga ya wanke wannan yashi sau ɗaya kafin ya zama dutse. Da dutsen ya sake rugujewa, yashin dai ya dawo, da ɗan yumɓun farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Alkaleri, da jan ƙarfen da ya liƙe ƙwayoyin. Ita farar ƙasa, a cikin ire-iren yumɓu, ita ce mafi ƙarancin riƙon taki.

Ba duk ƙasar da ke kan waɗannan duwatsu ce marar zurfi ba, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci. A tsakiyar shimfiɗaɗɗen tudun Keri-Keri akwai jigawa mai zurfin mita biyu ko fiye, wadda ake noman gero da wake da gyaɗa a kanta tun kaka da kakanni. Wadda ake magana a kai ita ce ta kafaɗar tudu, da bakin ganuwar dutse, da saman tsaunuka inda marmara ta rufe. A can ruwa yana kwashe ƙasa kusan daidai da saurin samuwarta, shi ya sa ba ta taruwa. A tsarin rarraba ƙasa na duniya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke amfani da shi, duk ƙasar da aka tarar da dutse a cikin santimita 25 na samanta tana da rukuni nata daban. Tsarin Amurka kuma ya ja nasa layin a santimita 50. Waɗannan lambobi biyu, 25 da 50, su ne ya kamata manomi ya riƙe.

Lissafin ruwa ne ke nuna dalili. Ƙasar yashi mai zurfin mita ɗaya tana iya ajiye wa shuka ruwa kimanin milimita 60 zuwa 80, sauran ya zarce ƙasa. Ƙasa mai ɗan yumɓu takan riƙe ninki biyun haka. To, idan zurfin santimita 25 ne kacal, ajiyar ta koma milimita 15 zuwa 20. Masara a lokacin fitar bunu tana shan milimita 5 zuwa 6 a rana mai zafi. Ke nan kwana uku ko huɗu ba ruwa, ganye ya fara naɗewa. Idan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar tsakuwa ne, kamar yadda aka saba gani, a sake rage kashi ɗaya cikin uku. Jigawa mai zurfin mita ɗaya da ke gindin tudun za ta iya kai mako biyu. Yankin yana samun ruwan sama milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, wanda ya isa masara a takarda, amma ba jimillar shekara shuka ke sha ba. Tsaikon kwana goma a watan Yuni ko a ƙarshen Satumba abu ne da aka saba, kuma shi ke raba gonar da za ta ba da buhu da wadda za ta ba da kara.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙasar nan tana kuma cutuwa da yawan ruwa. A watan Agusta, sa'ad da ta riga ta jiƙe, ruwan milimita 40 a sa'a guda ba shi da wurin shiga. Sai ya cika ɗan zurfin, ya kwanta a kan dutse, ya riƙa gangarawa ta ƙarƙashi da ta sama. Saiwa ta rasa iska, gero ya yi rawaya, takin da aka zuba jiya ya bi ruwa. Wanda ya sami tsaga a dutsen kuwa yakan nutse can ƙasa sosai, domin dutsen yashi yana shan ruwa. Wannan ne ya sa rijiyoyin tudun Keri-Keri suke da zurfin tsiya, mutanen Dukku da kewaye suka daɗe suna fama da ruwan sha, ruwan kuma ya je ya ɓulla a kwari. Maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, daga ƙarƙashin irin wannan dutse take fitowa.

To me ya sa itatuwa suke girma a wurin da masara ke mutuwa? Domin ba a cikin ƙasar kaɗai suke rayuwa ba. Saiwar taura da ƙirya da kawo tana bin tsagar dutse ta yi mita da yawa, inda ruɓaɓɓen dutse ke riƙe laima har bazara. Daga can suke ɗebo ɗan abin da ke akwai na kalsiyam da fotashiyam da fosfaras, su kai ganye, ganye ya zube da rani, gara ta ja shi cikin ƙasa. A haƙa rami a gindin taura a cikin dajin da ba a taɓa ba: yatsa uku ko huɗu na sama baƙi-baƙi ne, cike da siraran saiwoyi, yana manne da juna idan an damƙa. Ƙasa da shi yashi ne ja ko fari-fari mai zubewa ta tsakanin yatsu, sai tsakuwa, sai dutse. Duk ƙarfin wurin yana cikin wannan baƙin ɓawon da kuma jikin itatuwan. Ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinsa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙasar ba, amma shi ke riƙe mafi yawan takin da ake zubawa, tunda yashi ba ya riƙewa.

Sassabe da toyi suna cinye wannan jari a lokaci guda. Wuta tana kore naitirojin da salfa cikin hayaƙi, ta bar toka mai fotashiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras. Tokar ce ke ba da yabanyar shekarar farko, har ta rage tsamin ƙasa na ɗan lokaci. Bayan nan babu sabon ganye mai zuba, rana tana dukan ƙasa kai tsaye, baƙin ɓawon ya ƙone cikin damina biyu ko uku. Ɗigon ruwan sama ya farfasa abin da ya rage, ƙananan ƙwayoyi su toshe saman ƙasa, ruwa ya daina shiga ya koma gudu. Ciyawar wuta-wuta kuma ta samu wurin da take so, wato gonar hatsi marar ƙarfi.

Zaizayar irin wannan wuri ba ta zuwa da kwazazzabo tun farko, shi ya sa ba a tsorata da ita. Kaurin milimita ɗaya a hekta guda ya kai tan 15 na ƙasa. Gonar da ke asarar tan 30 a shekara milimita biyu take rasawa, abin da ido ba zai gani ba. A shekara 25 santimita biyar sun tafi, kuma su ne na sama masu amfani. A ƙasa mai zurfin mita biyu ana iya jurewa. A mai santimita 20 rubu'inta ke nan, samuwar santimita ɗaya daga dutse kuwa tana cin ɗaruruwan shekaru. Alamun suna nan ga mai dubawa: ƙananan tsakuwoyi zaune a kan 'yan turakun ƙasa, saiwar kututture a waje, farin yashi kwance a kwarin kunya bayan ruwa, da duwatsun da manomi zai rantse bara babu su.

Saboda haka aikin farko kafin a sa gatari shi ne awo, kuma ba ya bukatar ɗakin bincike. A sami rodi mai kaurin milimita 12, tsawon mita ɗaya, a fiƙe bakinsa, a lanƙwasa ɗaya gefen ya zama mariƙi, a yi masa zane a santimita 25 da 50. Kwana ɗaya bayan ruwa mai kyau a bi gonar layi-layi, duk taku 20 a soka shi har ya tsaya. Wannan zai ba da kusan wuri 25 zuwa 30 a hekta. Idan ya tsaya da wuri a matsa tafin hannu ɗaya a sake, har sau uku, domin a bambance sakakken dutse da shimfiɗar dutse. Kada a yi awon da rani: busasshiyar ƙasa mai tsakuwa tana tsayar da rodi ta ba da ƙaryar sakamako. A wurare uku ko huɗu a haƙa rami da diga a gani da ido, domin wani lokaci abin da ya tare rodin siririyar marmara ce wadda akwai ƙasa a ƙarƙashinta. Gangare kuma ana auna shi da igiya mai mita 10: a ɗaure ta a ƙasa daga sama, a miƙe ta daidai, a auna tsayinta daga ƙasa a ɗaya bakin. Santimita 20 gangaren kashi 2 cikin ɗari ne, santimita 50 kashi 5, mita ɗaya kashi 10.

Inda fiye da rabin awon bai kai santimita 25 ba, ko gangaren ya haura kashi 10, ba gona ba ce, kuma babu takin da zai mai da ita gona. Wannan magana ba ta da daɗi ga wanda ba shi da wata ƙasar, amma sassabe wurin ba ya warware masa matsala, shekara uku kawai yake ara masa. Tsakanin 25 da 50 ana iya noma da sharuɗɗa. Sama da 50 a bi ta kamar kowace jigawa.

Sharaɗin farko a wannan tsakiyar shi ne kada tarakta ta shiga. Faifan haro yana yanka santimita 15 zuwa 20, wato kusan duk ƙasar, ya binne baƙin ɓawon, ya tono tsakuwa, ya tsinke saiwoyin da ke riƙe da wurin. Direba kuma yakan bi gangare sama da ƙasa don sauƙi, kowane layi ya zama hanyar ruwa. Garmar shanu ko ta hannu ta fi. Kunya tana da amfani na gaske a nan, domin tana tara ƙasar santimita 20 ta zama 30 ko 35 a gindin shuka, amma sai ta gitta gangare. A datse kwarin kunya duk mita biyu ko uku da ɗan tudun da bai kai tsayin kunyar ba, yadda idan ruwa ya yi yawa zai tsallake datsin ya bi kwari a hankali maimakon ya fasa kunya. Kunyar yashi idan ta fashe a wuri ɗaya, duk na ƙasa da ita sai sun fashe a jere, kuma yawancin kwazazzaban gona daga nan suke farawa.

Dutsen da ya zama matsala shi ne kuma kayan gyara. Mutanen Tula, waɗanda tudunsu na dutsen Bima ne, sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa suna noma a bayansu, kuma a jihar Tawa ta Nijar aikin gyaran ƙasa na yankin Keita da aka fara a 1984 ya farfaɗo da tuddai masu yawa da jerin duwatsu da ramuka. Ana fitar da layin da siririn tiyo mai haske, tsawon mita 10 zuwa 15, cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a sanduna masu zane iri ɗaya. Inda ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, wuraren daidai suke, sai a kafa turke. A bi turakun a tona ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10, a zaunar da manyan duwatsu ta gefen gangare, a cusa ƙanana ta gefen sama, tsayi santimita 20 zuwa 30, faɗi 30 zuwa 40. A gangaren da bai kai kashi 2 ba a bar mita 25 zuwa 30 tsakanin layi da layi, a mai kashi 5 a matso zuwa 10 ko 15. Ba a so jerin ya tare ruwa ɗungum, ana so ya rage masa gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Kurakurai biyu ke ɓata aikin. Na farko a ja layi da ido, sai ya karkata, ruwa ya taru a wuri ɗaya ya ture duwatsun. Na biyu a fara daga gindin gona, layin farko ya ɗauki ruwan tudu gaba ɗaya. Daga sama ake farawa. Bayan damina biyu ko uku ƙasa takan cika bayan jerin, a ƙara masa tsayi, a dasa gamba ko jema a jikinsa. Ramukan tassa da aka sani a Illela ta Nijar kuwa, waɗanda ake haƙawa su tara ruwa a shuka a ciki, na faƙo ne mai tauri. A sakakken yashi ruwan farko ke cike su.

Wajen taki, ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan kuma a gindi. Watsa buhunan kamfa a irin wannan ƙasa zubar da kuɗi ne. Hanyar da cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada a Sadore kusa da Yamai ta dace da nan: giram 6 na kamfa 15-15-15 a kowane rami, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. A rami 10,000 a hekta kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. A sa shi yatsa uku daga iri, a ƙasa mai laima, domin a busasshen yashi yana ƙone tsiro. Yuriya a raba ta biyu, wajen mako na uku da na shida, a binne ta, kuma kada a zuba idan hadari ya haɗu. Yuriya zalla shekara da shekaru tana ƙara wa ƙasar tsami, ga shi dama tana da shi, don haka takin dabbobi dole ne: tan biyu ko uku a hekta, cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami, ya fi a watsa shi rana ta cinye. A bar wani kaso na kara a kwance a gona.

Amfanin da ya dace shi ne mai saurin nuna da jure ƙishi: gero, wake, gurjiya, riɗi, acca, yakuwa. Wake mai yaɗo yana da ƙarin fa'idar rufe ƙasa a watan Agusta. Gyaɗa tana son yashi, kuma sufa tana yi mata amfani saboda kalsiyam da salfa da ke cikinta, amma tana da haɗari biyu a nan. Idan ruwa ya ɗauke tana cikin ƙwaya, ƙasar ta bushe da wuri, kwanso ya tsage, fumfuna mai dafin afalatoksin ta shiga. Sannan cirarta tana barin gona a tone, an kwashe harawa, babu abin da ya rufe ta har ruwan farko na baɗi. Masara da rogo da doya a bar wa gindin tudu.

Dashen itatuwa ma yana faɗuwa a nan saboda dalilin da ba a faɗa. Akan fasa dutse da diga a yi rami, a cika shi da ƙasa mai kyau, a dasa mangwaro ko turare. Ramin ba shi da mafita: a Agusta ruwa ya kwanta a ciki, saiwa ta yi ta kewaya bango, a Maris ta bushe. Idan za a dasa, a nemi tsaga, kuma ciyawa tana nuna ta, domin layin da ya daɗe da kore bayan ɗaukewar ruwa a kan tsaga yake. Amma abin da ya fi arha da tabbas shi ne kututturen da ke wurin, wanda saiwarsa ta riga ta shiga dutse. Taura da kattakara da sabara da kalgo duk suna toho. A zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara, kamar yadda manoman Maraɗi suke yi tun shekarun 1980. Itace 40 ko 50 a hekta ba sa hana gero.

Wurin da aka bari daji ba asara ba ne, muddin an san yadda ake cinsa. Yana ba da 'ya'yan taura, da zuma, da ƙaron hano, da ganyen kawo da madobiya wanda makiyaya ke dogara da shi a bazara. Abin da ke kashe shi sanannu ne. Gawayi na gaba: a ramin gargajiya kilo biyar zuwa goma na itace ke ba da kilo ɗaya, ƙirya da marke ake fara bi, kuma gurbin da aka yi toyin yakan daɗe bai farfaɗo ba. Saran madobiya don fitarwa waje ya yi ƙamari har CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017. Sai gobarar Fabrairu da Maris, wadda ke cin busasshiyar ciyawa da zafi mai kashe toho ta bar ƙasa tsirara gab da ruwan farko. Idan ba makawa sai an ƙona, a yi shi a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, da sanyin yamma, ciyawa da sauran ɗanyenta. Kiwo kuma ya fi ɓarna a makonnin farko na damina, lokacin da kofato ke tumɓuke sabon tsiro daga jiƙaƙƙen yashi.

Masu rabon ƙasa, daga mai unguwa da dagaci har ma'aikatan gandun daji, ya kamata su san cewa abin da aka yi a tudu a kwari ake biyansa. Yashin da ya bar kafaɗar tsauni shi ne ke binne fadamar mai shinkafa, ya cike tafkuna da madatsu irin na Dadin Kowa, ruwan da ya kasa shiga ƙasa kuma ya taru ya yi ƙarfin da ke yanka kwazazzabai irin waɗanda suka addabi garin Gombe. Ba da kafaɗar tudu ga baƙon manomi domin ba wanda ke so ba taimako ba ne gare shi, balle ga na ƙasa da shi.

Inda dutse ya riga ya bayyana, gyara yana yiwuwa amma ba don noma ba. A jera duwatsu kusa-kusa, mita biyar zuwa goma, a shimfiɗa rassan sabara da kara a bayansu domin su kama ƙurar hunturu da irin ciyawa su kuma jawo gara. A watsa irin kyasuwa da gamba a farkon damina, a hana dabbobi da wuta shiga na damina uku aƙalla. Ciyawa ce ke fara kamawa a bakin jerin, sai geza da sabara su biyo ta tsagogi. Daga shekara ta huɗu ana iya yankar ciyawa da lauje a kai wa dabbobi gida, a bar tsawon tafin hannu a gindi.